Tsohon Babur da Farautar Kayan Gyaransa: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙasar Ungogo

Gabatarwa

Galibi idan aka ce tarihi, abin da yake faɗo wa ɗalibi a rai shi ne jerin sunayen sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da tsofaffin takardun da ke jibge a gidan ajiya na Kaduna. Waɗannan duka tarihi ne, babu musu. Amma akwai wani tarihin da yake kwance a zaurukanmu da bayan rumbunanmu, ƙura ta lulluɓe shi, kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashinsa, watau tsofaffin kekuna da rediyoyi da babura waɗanda iyayenmu suka mora, sa'an nan aka jingine su aka manta.

A wannan maƙala zan ɗauki ɗaya daga cikinsu, shi ne babur. Dalili kuwa shi ne na shafe kusan shekara biyu ina neman kayan da zan tayar da wata Honda CD175 wadda marigayi Baffana, malamin firamare a ƙasar Ungogo, ya saya a 1975. A wajen wannan nema na lura cewa duk ƙarfen da ya ɓace daga kasuwa akwai abin da ya ɓatar da shi, kuma idan mutum ya bi sawun dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga tarihin ciniki da arzikin ƙasarmu ya fito fili. To, mai karatu, biyo ni mu ga yadda abin yake.

Ƙasar Ungogo kafin babur

Ungogo tana arewa da birnin Kano, jingine da shi. A cikinta ake samun Fanisau da Rangaza da Gayawa da Zango da Yadakunya da Bachirawa da Rijiyar Zaki. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 360,000. Tun da daɗewa ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an noma. Irin wannan karkara ta kewayen Kano ita ce masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta a shekarun 1960.

Gonar da ba ta hutawa sai da taki, shi ya sa rayuwar mutanenmu ta ginu a kan zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni. Da rani jakuna kan shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangalolin taki. Masaƙi ya kai sawayensa Kurmi, mai kayan miya ya yi asubanci don ya riski ciniki. Doki na masu sarauta ne, har yau ma Hawan Fanisau yana tuna mana da haka. Talaka kuwa jaki ne abin hawansa, in babu jaki sai ƙafa. Saboda haka duk abin da zai rage wa mutum nisan hanya, hannu biyu za a karɓe shi a wannan ƙasa.

Zamanin baburan Ingila

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan daga 1912. Kamfanonin da suka zo sayen gyaɗa da fata, irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC, su ne kuma masu kawo kayan Turai. Abin hawan da ya fara shiga ƙauyukanmu sosai shi ne keke, musamman Raleigh, wanda manomi kan saya bayan kaka in gyaɗa ta yi albarka. Babur a wancan lokaci na Bature ne, daga baya manyan ma'aikatan En'e da wasu attajirai suka samu.

Ita kalmar babur daga Larabci muka aro ta, su ma Larabawan daga harsunan Turai suka samo ta, inda asalinta take nufin tururi, suka riƙa kiran inji mai tururi da ita. Amma da abin ya shigo hannun Bahaushe sai ya ɗaura masa kayan doki. Mazauninsa sirdi ne, hawansa ake yi, in matashi ya sake shi da gudu a ce yana sukuwa.

Baburan farko na Ingila ne, su BSA da Triumph da Norton. Tsofaffin kanikawa suna yabon ƙarfinsu, suna kuma kukan nauyinsu da yoyon baƙin mai. Notinansu a kan wani ma'aunin inci aka yi su, mai suna Whitworth, wanda sifanar milimita ba ta kama shi daidai. Masana'antun nan na Ingila sun kasa ja da Japan, har kamfanin BSA ya durƙushe a 1973. Daga nan hanyar kayan gyaransu ta toshe. Abin da ya rage na wannan zamani a wajenmu bai wuce 'yan sifanu ba, waɗanda za ka gani a ƙasan akwatin tsohon bakanike, babu sauran notin da za su kwance.

Udoji da baburan Japan

An kafa kamfanin Honda a 1948, cikin shekara ashirin kuma baburan Japan suka mamaye duniya, domin ba su da nauyi, ba su yoyo, ba su shan mai da yawa. A Nijeriya kowane iri yana da dillalinsa: Leventis ke kawo Honda, John Holt ke kawo Yamaha, Boulos ke kawo Suzuki. Ga kuma Vespa ta Italiya wadda 'yan kasuwa da malamai suka ƙaunata saboda ba ta ɓata babbar riga, da Mobylette ta Faransa wadda ta fi yawa a wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya watsa babur cikin karkara shi ne kuɗin man fetur. A Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, a ƙarshen shekarar kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya. Hukumar da Janar Gowon ya naɗa ƙarƙashin Cif Jerome Udoji ta ba da rahotonta a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ma'aikata ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Mutumin da bai taɓa riƙe naira ɗari a hannu ba ya wayi gari da kuɗin babur. A Satumban 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, aka buɗe makarantu a ƙauyuka, malamai suka bazu, kowa yana bukatar abin da zai kai shi aji kafin a kaɗa ƙararrawa. Kasuwa ta yi kyau har Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a 1979.

Da kuɗin Udoji Baffa ya sayi tasa. CD175 babur ce mai silinda biyu da kabureta ɗaya, giyarta huɗu, sarƙarta a rufe take cikin murfi don kada yashi ya cinye ta, wutarta kuma ta batir mai bol 6 ce. Dattawan garinmu sun ce ba ta Baffa kaɗai ba ce. Ita ke kai maras lafiya asibiti cikin dare, ita ke kai saƙon rasuwa ƙauyukan dangi, ita ke rakiyar ango. Abin da mota take yi wa mutanen birni, shi babur ya yi wa mutanen karkara.

Yadda kayan gyara suka ɓace

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka ɓatar da kayan irin waɗannan babura. Na farko, kamfanin ya daina ƙera CD175 a 1979, wasu samfura suka maye gurbinta, cikinsu har da wadda aka sani da Roadmaster. Na biyu, farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasin. Na uku, Janar Babangida ya kawo shirin SAP a 1986. Nairar da a 1980 ta fi dalar Amurka daraja, kafin ƙarshen 1986 sai an ba da uku ko huɗu a sami dala guda. Kayan ainihi na Japan suka fi ƙarfin malamin makaranta, 'yan kasuwar Nnewi suka cike gurbin da kwaikwayon da ake yi a Taiwan, har sunan ƙasar ya zama sunan duk wani kaya mai araha.

Na huɗu shi ne acaɓa. Matsin rayuwa ya sa babur ya tashi daga abin ado ya zama jari. Ɗan acaɓa ba ya neman babur mai silinda biyu, yana neman wanda zai sha mai kaɗan, a kuma sami kayansa a kowane lungu. A shekarun 1990 Jincheng ta ƙasar Sin ta shigo, daga baya Bajaj ta Indiya ta biyo, har ya zama sayen sabon babur ya fi gyaran tsoho sauƙi. Masu shaguna suka bi inda ciniki yake. Ko da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, kanikawa da yawa sai suka koma gyaran A Daidaita Sahu. Yaran da suka koyi sana'ar daga lokacin ba su taɓa ganin cikin injin irin na Baffa ba.

Farautar kayan

Da aka kwance babur ɗin aka shimfiɗa kayansa a tabarma, abin da ya mutu shi ne fistin biyu da ringinsu, da kwantak da kwandensa, da kabureta, da salansa biyu, da murfin sarƙa, da ƙwan fitila, da mita, da sirdi. Wanda ya yi kwancen wani dattijo ne da ya koyi kanikanci tun zamanin Gowon, yanzu ido ya yi rauni, amma hannu bai manta ba. Ya ce mini, "Ɗana, abu biyu zan faɗa maka. Kada ka shiga kasuwa sai da mataccen ƙarfen a hannunka. Kuma kada ka tambayi yaro, nemi mai furfura." Na ce, "To, Baba, in mai furfurar ya ce babu fa?" Ya ce, "Sai ka tambaye shi wa ya koya masa sana'a, ka tafi can."

Shi ne kuma ya nuna mini sirrin lambobin Honda. Kowane ƙarfe yana da lamba mai kashi uku. Kashin farko yana faɗin ko mene ne ƙarfen, na tsakiya kuma yana faɗin samfurin babur ɗin da aka fara ƙera shi dominsa. Da yake kamfanin kan sa ƙarfe ɗaya a babura da dama, wanda ya san lamba yana iya samun abin da yake nema a cikin kwalin wani babur dabam. Wannan ilmi ya rage mini rabin wahala.

Na fara da Sabon Gari, inda cinikin kayan gyara ya daɗe a hannun 'yan kasuwar Ibo. Matasan shaguna suna ganin ƙarfen sai su girgiza kai. A shago na goma sha wani abu na tarar da wani tsoho, ya juya kwantak ɗin a tafin hannunsa, ya yi murmushi, ya sa yaronsa ya hau tsani ya sauko da wani kwali daga can saman kanta. A ciki akwai kwantak da kwandensa sababbi fil, a cikin ledarsu ta Japan, sun fi shekara arba'in suna jiran mai saye. Ya ce mini da irin wannan ajiya tana da yawa, amma gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a Maris ɗin 2016 ta tafi da wani abu mai yawa daga cikinta.

Daga nan sai Ƙofar Ruwa, wajen 'yan kwance. Nan mutum zai ga ƙarafa tsibi-tsibi, na mota da na babur da na injin niƙa. Sai da na yi zuwa huɗu ina tona kafin in sami gangar jikin kabureta mai lafiya. A nan ne na gane da wa nake tsere. Mai tayar da tsohon babur ba shi da abokin takara da ya wuce sikeli. 'Yan gwangwan suna bin gida-gida da kura suna sayen tsohon ƙarfe a kan kilo, a loda a tirela a kai kudu a narkar a yi rodin gini. Fistin da murfin inji kuwa, da yake na sanholo ne, masu zubi ke saye su yi tukwane da ludaya. Wata Hondar da ta kai amarya ɗakinta a 1976, watakila yau a cikinta ake dafa tuwon suna.

Sai na koma gida na bi hanyar da kakanninmu suka sani, watau cigiya. Na sa baki a majalisu da bakin masallatan Juma'a, cewa duk wanda ya san inda matacciyar Honda mai salansa biyu take ya faɗa mini. Matambayi ba ya ɓata. Aka kwatanta mini guda uku. Ta farko na je na tarar an sayar wa mai kura mako guda kafin zuwana, a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Ta biyu ruwan damina ya gama da ita. Ta uku tana cikin zauren wani gida wajen Rangaza, mai ita ya rasu, ba a raba gado ba. Saboda haka ciniki bai yiwu ba sai da aka tara magada, aka nemi yardar tsohuwar gidan. Ta ce, "Ɗan nan, in dai hawa za a yi, ku ba shi. Na fi so in ji kukanta a hanya da in ji an auna ta." Daga wannan babur na sami salansa biyu da murfin sarƙa da sifok masu yawa.

Fistin ne ya gagara a gida. Faɗin silindar CD175 milimita 52 ne, in ta cinye sai a kai wa masu inji su ƙara mata faɗi kaɗan, a sa fistin da ya ɗara na asali da rubu'in milimita ko rabi. An nuna mini wasu a wurare biyu aka ce za su shiga, amma da Baba ya auna tsayinsu da ramin fil ɗinsu sai ya ajiye ya ce, "Kama da wane ba ta wane." A ƙarshe ta intanet aka samo, daga wani dillali a Ingila, cikin masu bin tsofaffin shagunan duniya suna saye sauran kayan Honda suna tarawa. Abin mamaki, ƙasar da baburan Japan suka kashe wa masana'antu, yau ita ce ma'ajiyar kayansu. Da fam aka biya, a lokacin da dala guda ta haura naira 1,500, watau a 2024. Fistin biyu da kuɗin aikowa sun ninka abin da Baffa ya biya na babur ɗin gaba ɗaya sau da yawa, in a lissafin naira ne. Masu Vespa sun fi mu sauƙi a nan, domin kamfanonin Indiya sun daɗe suna ƙera irinta, kayanta ba su yanke ba.

Sauran kayan hannun mutanenmu ne ya yi su. Baduku ya ɗinka sabuwar rigar sirdi a kan ƙirar tsohuwar. Wani ya ɗora murfin inji a kan takarda mai kauri ya bi gefensa da 'yar guduma har gaskit ya fita daidai. Wani ya yanka wayar kuloci da ta birki ya ɗaure kawunansu da dalma. Mai walda ya toshe hujin tanki bayan an wanke shi an cika shi da ruwa don gudun wuta. Waɗannan mutane ba su da takardar shaida, amma su suka riƙe ƙarafan ƙasar nan suna motsi a shekarun da kaya suka yanke.

Akwai inda ra'ayi ya rabu. Baburan yanzu masu bol 12 ne, ƙwan fitila da batir na bol 6 kuwa sai an tona. Samarin gareji suka ce a zubar da kwantak, a sauya wayoyin duka a sa na zamani, a huta. Maganarsu tana da hujja, domin babur zai fi saurin tashi, fitila ta fi haske. Baba ya ƙi. Ya ce, "In hawa kawai kake so, ga Bajaj can a kasuwa. In kuwa ta Baffanka kake so, bar ta da halinta." Na bi maganar Baba, domin idan aka sauya komai, abin da zai rage suna ne kawai a jikin tanki. Babur ɗin ya tashi, yana tafiya. Mita ce kaɗai har yanzu ake cigiya.

Kammalawa

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, watakila wani ya ce abin da ke damuna ke nan. Ba na cewa a koma zamanin Udoji, zamani riga ne. Abin da nake cewa shi ne, a jikin babur guda mun ga gyaɗa da jirgin ƙasa, mun ga faɗuwar Ingila da tashin Japan, mun ga arzikin mai da tsiyacewar naira, mun ga Nnewi da Sin da Indiya. Shaida irin wannan tana ƙarewa a kan sikeli kowace rana, masu iya karanta ta kuma suna tsufa.

Don haka ina da roƙo ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya. Idan an yi hutu kowa ya koma garinsu, ya duba zaure da bayan rumbu, ya tambayi wa ya sayi abin da ya gani, a wace shekara, da wane kuɗi. Ya zauna da tsohon bakaniken garin ya rubuta kalmominsa, irin su fulogi da boris da madigadi da salansa da shokozoba, domin su ma Hausa ce, ƙamus yana bukatarsu. Masu kula da gidajen tarihi irin Gidan Makama kuma, ya kamata su tanadi wuri ga keken manomin gyaɗa da babur ɗin malamin UPE, kusa da sulke da takobi. Wanda duk ya san inda matacciyar Honda mai salansa biyu take, don Allah kafin ya kira mai kura, ya fara yin cigiyar mai so. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu amfana da abin da suka bari.